Tirelar da ta ƙi ja da baya

Akwai ranar da har gobe ba za ta fita a raina ba, cikin watan Agusta, shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan gefen Miga. Lokacin ni ne babban makanike a garejin ma'aikatarmu a Dutse. Muna da jirgin ruwa mai inji na ceto, kuma a kan tirela ake ɗora shi, mota ta ja shi zuwa bakin ruwa.

Birkin tirelar nan irin na da ne, mai dorom, wato rufaffe kamar tukunya. Duk shigarta ruwa sai laka ta cika shi, ya yi tsatsa, ya daina kamawa. Injiniyanmu ya daɗe da cewa a mayar da shi mai faifai, wanda yake a buɗe, ruwa ya shiga ya fita. Kayan ba su iso daga Kano ba sai da safen nan. Na riga na zare ƙafafun tirelar ke nan umarni ya zo a kai jirgi Miga.

Direbanmu Malam Sabo ɗan can ne. Mahaifiyarsa, tsohuwa da ƙafa ba ta ɗaukarta, tana kan wani tudu da ruwa ya zagaye. Bawan Allahn nan ya kasa zama. Ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya kira ƙanensa a waya, ya tsaya a kaina.

"Malam Idi, don girman Allah mayar da tsohon mu tafi."

Na ce, "Tsohon ba birki ba ne, ado ne. Jirgin nan ya turo ka daga baya, wa za ka ceta?"

Ya kai ƙarata wurin Injiniya. Injiniya ya leƙo ya ce, "Idi, yaushe?" Na ce kafin azahar, in Allah ya yarda. Ya ce wa Sabo ya yi haƙuri. Ina ɗaura faifai ina jin numfashin mutum a ƙeyata. Na haɗa bututun mai, muka fitar da iska, muka zagaya fili, Sabo ya taka birki, tirela ta tsaya cak. Na ɗauki akwatin kayan aikina na shiga gaba.

Mun wuce rabin hanya sai ga shanu sun ɓallo titi, makiyaya na gudun ruwa da su. Sabo ya danne birki, muka tsaya hancinmu a jikin wani bijimi. Shanu suka tsallake, muka ci gaba.

A bakin ruwa abin ya ɓaci. Ana shigar da tirela ne da baya har jirgi ya taso. Sabo ya sa ribas, tirela ta kafe. Ya ƙara wuta, tayoyin mota suka hau tona laka. Nan take na gane. Birkin irin wannan tirela da kansa yake kamawa idan ta matsu da jikin mota, kuma ja da baya ma matsawa ce. Dorom yakan saki a ribas, faifai kuwa ba ruwansa, riƙewa yake. Mu makanikai kuma gaba muke gwada birki, wa ya taɓa gwada shi da baya?

Sabo ya diro idonsa jawur. "Ka ga aikin naka ko? Ka cinye mini safiya, yanzu ga ruwa ga jirgi."

Raina ya sosu, amma ba lokacin musu ba ne. Na ce a kwance ta daga jikin mota, in babu mai matsa ta birki zai saki. Mutanen da ruwa ya koro suna tsaye a gefen titi da 'yan ƙullin kayansu. Ban roƙi kowa ba. Suka ajiye kaya, suka naɗe wanduna, muka tura ta da hannu har ruwa ya kai mana ƙugu. Sabo, da ko rafi ba ya yarda ya tsallaka, ya riga matuƙin jirgin hawa.

Na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Da jirgi ya dawo, mata ne da jarirai, babu Sabo babu tsohuwa. Matuƙin ya ce ta ƙi shiga, wai a fara kwashe masu goyo, Sabo kuma ya zauna tare da ita. Sai a sawu na gaba suka iso. Sabo ya goyo ta ya sauke a kan tabarma, ya nuna ni da baki.

"Inna, ga wanda ya hana ni zuwa da wuri."

Ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "To ai ga ka nan ka iso da ranka." Sannan ta juyo gare ni. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Washegari na yi wa wuyan tirelar sakatar da ake zurawa kafin a ja da baya, don kada birki ya kama. Ku da kuke aikin yanzu, ku gwada birki gaba da baya. Wanda kuma ya tsaya a kanku yana faɗa, kada ku riƙe shi a rai, wataƙila uwarsa ce a tsallaken ruwa.