Bazarar da Baba Ya Tsayar da Aiki a Sulay

Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi, ko da na san mai kawo ruwa ne. A Riyad na koyi wannan tsoron, ina 'yar firamare, a wani ɗan gida kusa da unguwar Sulay.

Mu Kirista ne. Baba ya karanta injiniya a wata jami'ar Kirista a Najeriya, wani kamfanin gine-gine ya ɗauke shi aikin kula da lafiyar ma'aikata a Riyad. Babu coci a garin. Ranar Juma'a iyalai biyu kan zo gidanmu, Mama ta ja labule, ta ƙure na'urar sanyaya ɗaki don ƙararta ta rufe mu, mu yi waƙa can ƙasan maƙoshi. Na taɓa tambayar Baba ko Allah na jin waƙar raɗa. Ya ce, "Yana ji mana. Kuma a makarantarmu an koya mana wurin aiki ma wurin sujada ne."

In ba ka san bazarar Riyad ba, ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. A irin wannan zafin manajan su Baba ya ce leburori su ci gaba da aiki da tsakar rana, a gama wani sito. Yawancinsu mutanen Maraɗi ne da Damagaram. Wani saurayi ya yanke jiki ya faɗi, da ƙyar ya farfaɗo. Baba ya sauko da kowa daga kan ginin, ya ce ba mai sake hawa sai rana ta yi sanyi. Manajan ya kira shi gefe ya ce, "Na san masu zuwa gidanka ran Juma'a."

Da Baba ya faɗa wa Mama, zama ta yi a ƙasa. Ta ce, "Ka ba shi haƙuri. Igamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan, a hannunsu take, ka dubi yaran nan." Baba ya ce ya dube mu, amma saurayin nan ma ɗan wani ne.

Baƙin Juma'a suka daina zuwa. Mama ta tura Littafi Mai Tsarki cikin buhun shinkafa, ta gargaɗe ni kada in ce komai a makaranta. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in leƙa ta labule in ga ko ta 'yan sanda ce. Baba kuwa kullum rana ta take sai ya sake tsayar da aikin.

Wata la'asar aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Mama ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Baba ya gyara rigarsa ya buɗe. Wani dattijo ne ɗan Maraɗi, babban leburorin, rungume da kankana.

"Injiniya," in ji shi, "mun ji abin da aka ce maka. Mun daɗe da sanin addininka, ba mu taɓa faɗa wa kowa ba. Yaron nan da ya faɗi ɗan ƙanena ne. Allah Ya saka maka."

Mama ta saki hannuna ta fashe da kuka.

'Yan sanda ba su taɓa zuwa ba. Kamfanin dai ya ƙi sabunta igamar Baba, kafin sanyi ya shigo muka tattara muka koma gida. Bai sake samun aiki mai tsoka irin wannan ba har ya rasu.

Yanzu na dawo Riyad, ina aikin jinya, kuma jami'ar da Baba ya yi na yi. Garin ya canza, ni nake tuƙa kaina zuwa asibiti. Amma tawa igamar ma a hannun wani take. Ba a taɓa sa ni zaɓi irin nasa ba tukuna, kuma ba zan ce maka na san abin da zan yi ba. Kullum kafin in shiga wurin marasa lafiya ina roƙon Allah, in ranar ta zo, kada in yi shiru.