Ƙaiƙayin Inna Kulu

Ƙarfe bakwai da rabi ne, bayan magariba, a gidanmu na Augie, lokacin muna yara. Mu huɗu ne a bakin murhu: kakarmu Inna Kulu, da gwaggo Rabi, da ƙanwata Hajara, da ni. An gama sussukar shinkafa, kuma daga zaune muna hango jan wutar da masu farautar gafiya suka cinna a fadama. Hajara ta maƙale a jikina.

Inna ta ce ga ta nan, muka ce ta zo da sauri. Wai dila ne ya yi kwaɗayin kajin wani ƙauye. Ya birgima cikin toka, ya babbake bakin wutsiyarsa, ya shigo da gudu yana cewa gobara ta taho daga gabas, kowa ya yi yamma. Aka ga toka, aka ga wutsiya, aka kwasa. Ashe can yamma wutar take. Ba wanda ya dawo sai wata tsohuwa da ta tsaya ta watsa ƙaiƙayi sama, ta ga inda iska ta nufa. Inna ta nuna mu da muciya. "Ɗiyana, wutsiya na ƙarya, iska ba ta yi. Ku tambaya wa ya gani da ido nai." Ranar ban iya gama tuwona ba.

Bara, ina gidana a Nasarawa, Birnin Kebbi, bayan la'asar, wani hoto ya shigo zauren waya na 'yan garinmu: wuta ta kai tsayin giginya, wai ta doshi ƙauyen da Hajara take aure kusa da Argungu. An rubuta cewa kowa ya fita ta hanyar fadama. Zan faɗi laifina a jere. Na farko, ban duba ba. Na biyu, na tura mata. Na uku, na ce ta kwashi yara ta gudu.

Sai da na aje wayar na tuna muciyar Inna. Na buɗe hoton. Hayaƙi ya kwanta dama, harshen wuta ya kwanta hagu. Rudun da ke cikin hoton kuwa, wato rumbun albasa, an yi masa rufin kwano da tagogi. Wanda ya taɓa ajiye albasa ba zai zana haka ba. Aikin ƙirƙirarriyar basira ne.

Sau biyar na kira Hajara kafin ta ɗauka. Tana bakin gari, da goyo, da yara biyu a hannu.

"Yaya, kai kac ce in gudu."

"Ni na ce. Yanzu tsaya, ɗebi ƙaiƙayi ki watsa."

Na ji numfashinta, na ji kukan goyon. Can ta ce iska ta yi fadama da shi, kuma ga hayaƙi siriri yana tashi daga ciyawar hanyar. Wutar mafarauta ce, ƙarama, amma ciyawar ta fi Hajara tsayi. Ta koma gida. Maza suka fita da fartanya suka share iyaka don kada wutar ta tsallako.

Har yau ban manta cewa ni ne na kai mata wutsiyar dila ba. Don Allah, mai karatu, in hoton gobara ya shigo wayarka, kada ka tura. Fara kiran wanda ke tsaye a wurin, ka ce ya watsa ƙaiƙayi.