Ta Ukun da Inna ba ta Faɗa ba

Inna ba ta iya zagi ba. Maimaita magana take yi. In ta ce "a'a" sau ɗaya, je ka dawo. In ta faɗa sau biyu, nemo mai ba ta baki. In ta kai uku, kalas, magana ta ƙare, ko limamin unguwa ka ɗauko ka ɓata masa lokaci ne.

Baffa, yayan mahaifinmu, ya fi kowa sanin haka. Shi ya fitar da mu daga gidan kakanninmu na unguwar Bololo tun Inna ba ta fita takaba ba, muka ƙare a unguwar Lamadji, ɗaki ɗaya babu ko katanga. Ni na ɗauko tukwanenmu a ka, shi ya sa har gobe ba na son jin ana cewa mutumin kirki ne.

Da tsufa ya kama shi ya samu kujerar Makka, wadda kakanninmu suka taso dominta a ƙafa suka maƙale a garin nan. Mai tafiya kuwa sai ya bi gida-gida neman yafiya. Ranar wata Laraba da hantsi ɗan babur ya sauke shi a ƙofarmu, da ƙullin goro a hannu. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Uwar yara, ki yafe mini. Ki yafe mini don Allah."

Inna tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ban yafe ba."

Ya share gumi.

"Ban yafe ba," ta sake cewa, a hankali. Ta uku ba ta fito ba, hannunta ya tsaya cikin faranti.

Na ga idon tsohon ya yi haske, ya gane da sauran ƙofa. Wallahi raina ya ɓaci. Na ajiye tsintsiya na ce, "Baffa, kunnenka ya toshe ne? Ba ta yafe ba. Tashi, ga ta ukun nan na cika mata."

Ya dube ta. Inna ba ta taɓa kunyata 'ya'yanta a gaban baƙo ba, ta sunkuyar da kai. Sai da ya dafa ƙasa ya miƙe, ban ba shi hannu ba. Daɗi na ji, ba zan yi ƙarya ba.

Bai dawo daga Makka ba, can aka binne shi. Ranar da labarin ya iso Inna tana kan sallaya, ta ce da ni ba tare da ta juyo ba:

"So na yi ya roƙa sau ɗaya kuma. Wa ya aike ki?"