Lasisin Ribas

Ni ne maigadin babban siton da ke bakin titi, kuma a nan na san mutumin da muke kira Ribas. Sunan ba zolaya ba ne, aikinsa ke nan. Direbobin tirela sukan iso a gajiye su yar da mota a tsakar fili, shi kuma ya hau, ya kai ta bakin ƙofar lodi da baya, ta wani matsattsen lungu tsakanin katanga da tankin ruwa. Madubi kawai yake kallo, hannu ɗaya a sitiyari. Tun yana saurayi yake wannan aiki, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma bai taɓa fita da mota ta ƙofar da nake tsaro ba, don ba shi da lasisin babbar mota.

Abin yana cin sa. In direbobi suka zauna a bencina suna labarin hanya, wannan ya ce gada kaza ta karye, wancan ya ce hawan dutse kaza sai namiji, shi sai dai ya riƙa sosa ƙeya. Wata rana bayan sun watse ya ce mini, "Baba, 'yata ta tambaye ni wane gari na fi zuwa. Wallahi na rasa abin da zan ce mata."

Na ce, "To ka je ka yi lasisin mana. Kai da ka fi su iya motar?"

Ya shiga makarantar tuƙi, yana zuwa ranar hutunsa. Mu duka mun ɗauka wucewa kawai zai yi. Ashe akwai sauran rina a kaba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin fili, inda ’yan dako ke gilmawa ta ko'ina, ƙafarsa ba ta san giya ta wuce ta biyu ba. Da aka fitar da shi kan titi sai ya riƙa rarrafe, motoci suka yi layi a bayansa suna danna masa hon. Malamin tuƙi ya ce taka, ya ce takawa nake yi. Keke ya wuce su, mai keken har da waiwaye.

Gwajin farko ya faɗi. Jami'in gwaji ya ce bai taɓa ganin wanda ya iya ja da baya kamarsa ba, amma mai tafiyar hawainiya a babban titi haɗari ne ga jama'a. Direbobi suka samu abin yi. "Ribas, ka ce su bar ka ka yi gwajin da baya mana, ka ga ka wuce." Ya yi dariya tare da su, ni dai na ga idonsa ya yi ja.

Bai daina ba. Malamin ya riƙa kai shi wata doguwar hanya da ba kowa, yana danna masa gwiwa da hannu har sai allurar gudu ta tashi. Yakan dawo rigarsa sharkaf da zufa. Ranar da ya fara saka giyar ƙarshe, ya zo ya zauna kusa da ni yana haki, ya ce, "Baba, ashe iska ake sha a gaba." A gwaji na gaba ya ci, aka ba shi kati mai hotonsa, ya yi wani murtuk a ciki kamar an kama shi da laifi.

Washegari ya saka wankakkiyar riga ya shiga ofishin manaja neman a mayar da shi direban hanya. Ina jiyo su ta taga. Manaja ya yi masa barka, ya jinjina masa, sannan ya ce, "Direban hanya ai ko yau na nema zan samu goma. Wanda zai shigar mini da tirela lungun nan bai goge katanga ba fa? Ka ɗan dakata mu samu wanda zai gaje ka."

An kawo masu koyo, ba a ƙi ba. Ribas ya koya musu tsakani da Allah, amma duk wanda hannunsa ya faɗa sai a ce an samu direba, a ba shi lodi, ni kuma in buɗe masa ƙofa. Ya je neman aiki wasu wurare, suka tambaye shi hanyoyin da ya taɓa bi, ba ko ɗaya, suka dubi furfurarsa suka ce za su neme shi. Ga iyali, ba damar ya yi fushi ya ajiye aiki. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Ni abin yana ƙona mini rai, don da ma ragon direba ne da tuni yana kan hanya.

Yanzu shekaru sun ja, katin ya kusa ƙarewa. Yana nan a aljihun gabansa cikin leda, ko gefensa bai lanƙwashe ba.

Makon jiya da rana aka ce ya gyara wa wata tirela tsayuwa. Maimakon ya nufi lungu sai na ga ya miƙo ta wajena a hankali, har hancin motar ya kusa taɓa ƙarfen ƙofa. Na miƙe. In ya ce buɗe, ban san me zan yi ba, don aikina ne zai tafi tare da nasa. Sai ya sauke gilashi, ya miƙo mini katin.

"Baba, duba mini. Ba wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce in nuna."

Na karɓa, na ɗaure fuska irin ta jami'an hanya. Na duba gaba, na duba baya, na dubi hoton na dube shi.

"Takardunka sun cika, direba," na ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce amin. Ya mayar da katin cikin ledarsa, ya kalli madubi, ya fara ja da baya.