Na Faɗa Musu, Tanti Selina

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2014, na dawo daga makaranta na tarar da takalma jibge a ƙofarki. Mama ta riƙe hannuna ta ce, "Hairat, Tanti Selina ta rasu." Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma.

Ke ce maƙwabciyarmu ta farko a Germantown, nan Amurka, da muka zo daga Damagaram. Mama ta kai miki dambu, washegari ta tambaye ki ko ya yi daɗi, sai kika ɗaga gira kawai. Mama ta kwana biyu tana cewa matar nan ba ta san godiya ba. Daga baya 'yarki Constance ta gaya mana cewa a ƙasarku, tsibiran Marshall, ɗaga gira shi ne "e". Mama ta yi dariya har da hawaye.

A lokacin ba na iya kallon babba a ido, malamarmu kuwa ta ɗauka ba na gane karatu. Ke kika raka Mama makaranta kika ce wa malamar, "Ladabi ne. Mu ma haka muke a gida." Ban taɓa gode miki ba. Kunya ta hana ni.

A ɗakinki na fara jin labarin ƙasarku. Kika ce a tekunku Amurka ta gwada bama-bamanta na nukiliya, kuma har yanzu sojojinta suna can. Akwai yarjejeniya tsakaninku: kuna shigowa nan ba biza, kuna aiki, 'ya'yanku suna shiga soja kamar ɗanki Martins. Amma taimakon magani da gwamnati ke ba marasa ƙarfi, an cire ku daga ciki. Ga ciwo a maƙogwaronki, irin wanda ya kashe mahaifiyarki. Shi ya sa kike shiga jirgin ƙasa ki tafi Majalisar Dokokin Amurka, kina bin ofisoshi kina roƙon a gyara dokar.

A hutun bana kika roƙi Baba in raka ki. Baba ya ce, "Wannan? Ko ni ba ta yi wa magana." Kika ce, "Kunnenta nake so, Malam."

A wani ofis, wani saurayi mai kwat ya ce minti biyar gare shi. Kika fara magana, muryarki ta shaƙe. Kika sha ruwa, kika sake gwadawa, ba abin da ya fito. Ya fara tattara takardunsa. Sai kika juyo kika dube ni.

Na miƙe. Na ɗaga kai na dubi mutumin, na faɗi abin da na sha ji a ɗakinki: tekun, yarjejeniyar, Martins, maganin da kike raba ƙwayarsa biyu don ya kai ƙarshen wata. Turancina ya yi ta karyewa. Ya ajiye takardun, ya koma ya zauna.

A jirgi kika rubuta a tafin hannuna, "Kin yi surutu."

Tanti, dokar ba ta canza ba, kin tafi ba ki gani ba. Jiya Constance ta ce matan tsibiranku za su sake komawa Majalisa wata mai zuwa, ko zan bi su? Ban jira Mama ta amsa a madadina ba. Na ce zan je. Baba ya ce shi zai kai mu a tasinsa.

Na tambaye shi wace addu'a zan yi miki, tunda coci kike zuwa. Ya ce, "Wanda ya halicce ta ya fi mu saninta." To, na bar ki a hannun Mai rahama, wanda ya ga abin da kika yi mini. Constance, Martins, da duk dangi a nan da can bakin teku, Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku. Na gode, Tanti.