Ruwan da na kai wa dolfin a Riyad

Shekarun baya, lokacin ina jan wayit, wato tankar ruwa, kafilina, wato ubangidan da ya tsaya min a ƙasar, ya samu kwangilar kai ruwa wani wurin wasa a bayan unguwar Badi'a. Dolfin biyu aka kawo, dabbobin tekun nan masu kama da kifi. Ni in cika kwatamin siminti, ma'aikata su juye buhunan gishiri, wai an haɗa teku ke nan a tsakiyar sahara.

Sai kaina ya fasu. Duk Bahaushen da na gamu da shi a kasuwar Utaiƙa sai ya ji cewa ni nake shayar da su.

Wata Juma'a na kai matata kallo. Jama'a na ta tafi, ita ta naɗe hannu.

Na ce, "Hajiya, ba ki ga babban dolfin ɗin dariya yake miki ba?"

Ta ce, "Malam, wace dariya? Haka bakinsa yake. Dubi idonsa, bokitin kifin can yake bi. Yunwa ce."

"Ke da kiwonki bai wuce awaki ba?"

"To, akuyar ma in na ɗaure ta, a inuwa nake ɗaure ta. Nan kuwa masu kallo aka yi wa rumfa."

Washegari na tambayi mai horar da su. Bai ɓoye min ba, ya ce in sun ƙoshi ba sa tsalle. A ranar na lura da bayan ƙaramar, rana ta ƙona shi har fata ta saɓule.

Matata ta matsa in je in roƙi mudir, manajan wurin, a yi musu rumfa. Iƙamata, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, na ji tsoron ya kai ƙarata wurin kafili. Kullum sai in ce mata, "Bukra, in sha Allah," wato sai gobe. Kafin zafi ya wuce ƙaramar ta mutu. Ni aka kira na zuƙe ruwan.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma wannan ba na shakkarsa: dabbar da Allah ya ba teku, ba mu da hurumin tsare ta a kwatami don mu yi tafi, ko da rumfa ko babu. Jikokina sun san ba na kai su irin wannan kallo, sun ma daina roƙo.

Mai yiwuwa da na yi magana, mudir korata kawai zai yi. Amma ko damar ƙi ban ba shi ba.