Ranar da Muka Kai Alƙalanci Gindin Injin Niƙa

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa, amma ban ga yadda zai kwashe ranar da aka sa ni alƙalanci a gasar ma'aikatan rediyo a Kafanchan ba.

Sana'ata shela ce. Shekara da shekaru ina ɗaure lasifika a bayan babur, in bi ƙauyuka tun daga wajen Nok har Kauru, ina sanar da allurar rigakafi, ko zuwan taki, ko taron manoma. A lokacin da nake magana, jikina ya yi sanyi da aikin. Kowa ya riƙe waya, ni kuwa ina ta ihu a kan hanya, ban san ko akwai mai saurare ba.

Ana nan sai ƙungiyar ma'aikatan rediyo ta yankinmu ta aiko mini da takarda. Duk shekara suna ba da lambar yabo ga wanda ya shirya sanarwa mafi kyau. A shekarar, cuta ta ruɓar wa mutane da citta a gonaki, don haka kowa ya shirya tasa a kan abu guda: manoma su kawo irin cittarsu makarantar firamare duk ranar Laraba a duba kafin shuka. Wadda ta yi nasara ita za a yi ta sakawa har a gama shuka. In saƙon bai shiga kunne ba, mutane za su sake binne iri mai cuta.

Na yi ta mamakin abin da ya sa suka tuna da ni, kuma mamakin ne ya kai ni. Mu uku ne alƙalai: wani malamin kwaleji, da wata madam da ta yi ritaya daga karanta labarai, sai ni. Aka zaunar da mu a ɗaki mai sanyi, aka rufe ƙofa, aka ba kowa abin sawa a kunne da takardar ba da maki. Lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci na cocinmu, sai na bi layi da yatsa nake karatu. Madam ta ɗaga tata takardar ta karanta mana duka da ƙarfi, muka fara.

Kafin azahar sanarwa biyu suka rage. Ta farko wasa ce da kiɗa, miji da mata suna faɗa a gona, sai can ƙarshe aka ambaci rana da wuri. Na yi dariya har da hawaye. Ta biyu muryar mace ɗaya ce, babu kiɗa. Ta faɗi rana da wuri a farko, ta maimaita a tsakiya, ta sake a ƙarshe.

Malamin ya cire abin kunnensa ya ce, "Wannan ai sakataren coci ne yake karanta sanarwa." Ya zabga wa ta farko maki.

Ni ma ta farko ta fi burge ni. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. A kan babur na koyi cewa mutum ba ya jin shela daga farko har ƙarshe. Guntu yake tsinta kafin in wuce, yana sara ko yana ciniki.

Na ce, "Malam, ina da tambaya. A cikin manoman nan, wa yake jin rediyo da wannan abu a kunne, ƙofa a rufe?"

"Baba mai shela, haka ƙa'idar take."

Madam ta dube ni ta saman tabarau. "To me kake so a yi?"

"Ni dai ina son in ga abin da zai rage in an sa su cikin hayaniya."

Gaskiya ban san amsar ba. So nake kawai in gani. Madam ta ɗauki jakarta, malamin ya biyo mu yana ƙunƙuni.

A bakin kasuwa akwai injin niƙa na wata mama Inyamura, wadda mijinta ya yi aikin jirgin ƙasa har ya rasu. Mata sun yi layi da kwanukan masara. Na roƙe ta kada ta kashe injin. Ta ce, "Kashe? Ko gwamna ya zo ba na kashe!" Na jona ta farko a lasifikata. Mata suka juyo, wasu suka yi shewa. Da ta ƙare, Madam ta tambaye su me suka ji.

Wata ta ce, "Mijin nan rago ne, sak nawa!"

"Ina aka ce a kai citta?"

"Citta? An yi maganar citta?"

Muka jira wannan layin ya watse, wasu suka zo, na sa ta biyu. Babu wadda ta juyo. Na ce a raina shi ke nan, na kunyata kaina. Madam ta yi tambayarta. Wata mai goyo, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Laraba, firamare. Mun ji mana. Sau uku ta faɗa, kurame ne mu?"

Malamin ya fashe da dariya. Ya ɗora takardarsa a kan buhun masara ya gyara makinsa. Har yau ina ganin girmansa saboda haka.

Ina cikin kwance wayar lasifika sai na ji an cafke mini hannun riga. Wata tsohuwa ce daga wani ƙauye a bayan Nok.

"Kai ne mai ihu a kan mashin, ko? Ina ka shiga?"

Na ce, "Mama, tun da ruwa ya cinye gadar katakon nan na daina bin hanyarku. Na ɗauka kuna ji a waya."

"Wace waya? A kwarinmu sai an hau dutse take kamawa, rediyo ma sai shuu-shuu. An raba taki an gama, a coci muka ji labari. Allah yana ganin ka!"

A gaban manyan mutane ta wanke ni tas, ina ta ba ta haƙuri. Amma ban taɓa jin faɗan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Ashe akwai inda in na yi shiru, shirun yana cutar da mutane.

Ta biyu ta ci lambar. Da sassafe ranar Litinin na tura babur ta cikin rafin, ruwa har gwiwa, na shiga kwarin da sanarwar. Na tsaya a gindin mangwaron coci na bar ta ta maimaita kanta, har tsohuwar ta fito ta ce ya isa haka.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba mai magana ne yake yanke hukunci ba, kuma ba mu da muka zauna a ɗaki mai sanyi ba. Wadda hannunta ke cikin gari, injin yana ruri a kanta, ita ce alƙali. In ta iya gaya maka rana da wuri, ka yi aiki.